Maganar Bashin Gida da Jingina a Ƙasashen Duniya

Masu karatu su sani daga shekara ta 2022 zuwa 2023 an yi wani al'amari a manyan ƙasashen duniya wanda ya shiga har cikin ɗakunan mutane da tukwanensu, ko da ya ke ba yaƙi ba ne, ba kuwa fari ba. Manyan bankunan gwamnatoci ne suka tashi kusan lokaci guda suka ɗaga kuɗin ruwa, watau riba, domin su karya tsadar kaya da ta biyo bayan annobar korona da yaƙin Rasha da Yukiren. Babban Bankin Amurka ya ɗauko ruwansa daga kusa da sifiri a watan Maris na 2022, ya kai shi sama da kashi 5 cikin 100 a watan Yuli na 2023. Bankin Ingila ya ɗaga nasa sau 14 a jere, daga 0.1 har 5.25. Na Koriya ta Kudu ya tashi daga 0.5 zuwa 3.5. Sai cikin 2024 suka soma saukowa da shi kaɗan-kaɗan.

Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan magidanci da lissafin bankuna? To, ruwansa babba ne, gama a waɗannan ƙasashe galibin mutane ba su gina gida da hannunsu, ba su kuma saya da kuɗi hannu. Mutum ya kan ajiye ɗan kafin alƙalami, kamar ushurin kuɗin gidan ko humusinsa, banki ya biya sauran, sa'an nan gidan ya zama jingina a hannun banki har shekara 25 ko 30. Kowane wata mai gida yana kai wani abu, ciki da uwar kuɗi da ruwanta. In ya gaza, banki ya kai ƙara, a fitar da shi da iyalinsa, a yi gwanjon gidan.

Ga misali da lissafi, don a ga girman abin. A ce mutum ya ranci dala 300,000 zai biya cikin shekara 30. In ruwan kashi 3 ne cikin 100, zai riƙa kai wajen dala 1,265 kowane wata, ƙarshenta ya biya dala 455,000 da ɗoriya. In kuwa ruwan kashi 7 ne, abin da zai kai a wata ya tasam ma dala 2,000, jimla kuwa ta haura dala 718,000. Gida ɗaya ne, ɗakunansa ba su ƙaru ba, rufinsa bai sāke ba, amma na biyun ya biya kuɗin gida biyu da 'yan kai. Wannan ba tatsuniya ba ce, gama ruwan bashin gida na shekara 30 a Amurka ya sauka har 2.65 a watan Janairu na 2021, ya kuma hau har 7.79 a watan Oktoba na 2023.

Yawan bashin kuwa abin tsoro ne. A ƙarshen 2024 abin da a ke bin iyalan Amurka ya wuce dala tiriliyan 18, watau miliyan sau miliyan har sau 18, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wannan duk bashin gida ne. A Suwizalan da Ostareliya bashin da ke kan iyalai ya fi ƙimar duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a can hanjin ya fi cikin girma.

Abin lura shi ne, ruwan sama guda ne ya sauka, amma ba kowane rufi ne ya yi yoyo ba. Abin da ya raba tsakaninsu shi ne irin sharaɗin da aka rubuta a takarda ranar ƙulla bashin, da kuma wanda dokar ƙasa ta ɗora wa asara in lamari ya ɓaci.

A fara da Amurka, gama a can aka ƙaga wannan sana'a yadda ta ke yau. Kafin 1930 bashin gida a can gajere ne, kamar shekara biyar, mutum yana biyan ruwa, ranar wa'adi a nemi uwar kuɗin dunƙule ɗaya, ko a sabunta masa. Da kasuwanni suka karye a 1929 bankuna suka ƙi sabuntawa, aka yi ta ƙwace gidaje. Sai gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sa hannu. A 1933 ta kafa hukuma ta sayi basussukan gidaje wajen miliyan guda, ta miƙa wa'adinsu. A 1934 ta kafa wata mai tsaya wa masu cin bashi lamuni. A 1938 ta kafa kamfanin da a ke kira Fannie Mae, aikinsa ya sayi takardun bashi daga bankuna don su sami kuɗin ba wasu. A 1970 aka yi masa ƙane, Freddie Mac. Daga nan aka sami bashi mai dogon wa'adi wanda ruwansa ba ya motsi tun daga fari har ƙarshe. Saboda haka da ruwa ya hau a 2022, wanda ya riga ya ƙulla nasa a kan kashi 3 ko gezau bai yi ba. Amma fa sai ya zama kamar ɗaurarre, domin in ya sayar ya koma wani gari, sabon bashi a kan kashi 7 zai ci. Mutane suka ƙi sayarwa, gidajen kasuwa suka yi ƙaranci, farashi ya ƙi sauka, nauyin duka ya koma kan samari masu neman gidan fari. Wanda ke ciki ya tsira, wanda ke bakin ƙofa aka rufe shi a waje.

Amurkawa ba su kai ga wannan natsuwa ba sai da suka sha wuya, kuma ya kamata a tuna da ita. A 2003 Babban Bankinsu ya saukar da ruwa zuwa kashi 1. Kuɗi ya yi araha, farashin gidaje ya yi ta hawa, har mutane suka ɗauka gida ba ya faɗuwa. Dillalan bashi suka bazu cikin unguwannin talakawa da na baƙar fata da na baƙi, suna ba da rance ga wanda ba a ko tambayi abin da ya ke samu ba. Da yawa an yi musu romon baka, aka sa musu ruwa kaɗan shekara biyu na farko, bayan nan ya yi tsalle. Dillali bai damu ba ko za a biya, gama ya karɓi la'adarsa tun ranar sa hannu. Bankin ma bai damu ba, gama ba ya riƙe takardar. Sayar da ita ya ke yi ga manyan 'yan kasuwar kuɗi na New York, su kuwa su tara dubban takardu su ɗaure dami-dami, su yanyanka, su sayar wa bankunan Jamus da Ingila da asusun 'yan fansho na ƙasashe masu nisa. Kamfanonin da aikinsu ke nan su auna nagartar takarda suka buga wa da yawa hatimin mafi inganci, alhali mai damin ne ke biyansu ladan awo. Kowa ya san hukuncin ma'aunin da mai hatsi ya saya wa mai awo.

Zuwa tsakiyar 2006 ruwa ya koma 5.25, farashin gidaje ya juya. Kafin 2012 ya zube da fiye da rubu'i. Miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi gidan daraja, miliyoyin iyalai aka fitar. A watan Satumba na 2008 gwamnati ta karɓe Fannie Mae da Freddie Mac, ran 15 ga watan bankin Lehman Brothers ya rushe, a watan Oktoba majalisa ta yarda a ware dala biliyan 700 don tallafar bankuna. Manyan aka tallabe da sauri, domin an ce in sun faɗi za su danne kowa. Ƙanana kuwa taimakonsu ya zo a makare, bai kuma kai ga da yawa ba.

Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ko Askari ba zai yi mamakin wannan ba. Malamai sun hana sayar da bashi da bashi, sun hana sayar da bashin kuɗi da kuɗin da bai kai shi ba, sun hana garari, watau cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Malikawa ma da suka yi sauƙi wajen sayar da bashi ga wani, sun gindaya sharuɗɗa, daga ciki har da wanda a ke bi ya kasance yana nan a garin, an san halinsa, ya kuma amsa ana binsa. To, ina mai banki a Jamus ya san halin wani direba a Florida? Abin da Turawa suka gano bayan asara shi ne, wanda ba zai ɗauki hasarar rance ba, ba zai yi bincike kafin ya bayar ba. Dokar da suka yi a 2010, mai suna Dodd-Frank, ta wajabta wa mai ba da bashin gida ya tabbatar mai karɓa zai iya biya. Abin al'ajabi ne a ce sai da aka yi doka kafin a yi wannan tambaya.

Ƙasar Sifen, wadda littattafan tarihi suka sani da Andalus, ita ce ta nuna ɗaya fuskar. A wasu jihohin Amurka, kamar California, in mutum ya gaza biyan bashin da ya sayi gidan zamansa da shi, ya kan miƙa makulli ya tafi, magana ta ƙare, asara ta banki ce. A Sifen ba haka ba ne. Dokarsu ta ce ana bin mutum da duk abin da ya mallaka yanzu da wanda zai mallaka nan gaba. Da gine-gine suka tsaya bayan 2008, rashin aiki ya kai kashi 26 cikin 100 a 2013. Aka riƙa fitar da mutum daga gida, in ba a sami mai saye a gwanjo ba banki ya ɗauke gidan a rabin ƙimarsa, kamar yadda doka ta ke kafin 2011, sa'an nan ya bi shi da sauran bashin da ruwan jinkiri da kuɗin shari'a. Ba gida, ga bashi, ga iyayen da suka tsaya masa lamuni su ma ana neman nasu gidan. A 2009 waɗanda abin ya shafa suka kafa ƙungiya a Barcelona suna tare ƙofofi ranar fitarwa. Ɗaya daga shugabanninta, Ada Colau, ta zama magajiyar garin a 2015. A 2013 kuma kotun Tarayyar Turai, a ƙarar wani mutumin Maroko da aka fitar daga gidansa, ta yanke cewa tsarin Sifen bai ba alƙali ikon tsayar da gwanjo ba ko da sharuɗɗan takardar na zalunci ne, dole a gyara.

A nan sai a yi adalci. Cewa sauran bashi yana nan a wuyan mutum bayan an sayar da jingina, wannan bai saɓa wa fiƙihu ba. A shari'a ma in kuɗin jingina bai isa ba ana bin ragowar, in ya yi rara a mayar wa mai shi. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Shari'a ta hana mai bin bashi ya haɗiye jingina don wa'adi ya wuce. Ta umurci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ba tare da an ƙara masa ko anini saboda jinkiri ba. A mazhabar Maliku alƙali ba ya gaggawar sayar da gida ko gonar wanda ya tsiyace, ya kan jinkirta kamar wata biyu don a sami farashin kirki. Abin da ya halaka mutanen Sifen shi ne bashin da ke haihuwa alhali mai shi ba ya samun ko na abinci.

Ingila ba ta buƙatar dogon bayani. A can yawanci ana tsayar da ruwa shekara biyu ne ko biyar, sa'an nan a sāke lale. Don haka hawan ruwa bai same su rana ɗaya ba, bi da bi ya riƙa cin su, kowane wata wasu dubbai wa'adinsu ya cika su tarar biyansu ya ƙaru da fam ɗaruruwa. Ran 23 ga Satumba na 2022 gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji mai yawa ba tare da ta nuna inda za ta cike gurbin ba, kasuwa ta firgita, bankuna suka janye tayin bashin gida cikin 'yan kwanaki. Ba ta cika kwana 50 a kan mulki ba. A Ostareliya kuwa, inda mafi yawan bashin ruwansa na tafiya da na Babban Banki, zafin nan take ya ke isa gida.

Amma labarin da ya fi cancantar Bahaushe ya tsaya a kansa shi ne na Koriya ta Kudu, domin suna da wata al'ada da zai gane da ji ɗaya. Suna kiranta jonse. Mai neman wurin zama ba ya biyan haya wata-wata. Kuɗi mai kauri ya ke damƙa wa mai gida, rabin ƙimar gidan ko fiye, ya shiga ya zauna shekara biyu, ranar fita a mayar masa da kuɗinsa cif. Mai gida ya juya kuɗin, mazauni ya ci moriyar gida. Wannan ai ita ce jinginar gona da ta gida da aka sani a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, inda mai bukata ya kan karɓi kuɗi ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta noma har ran da aka fanshe ta. Malamai sun daɗe suna tsawatarwa a kanta, gama rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. Malikawa sun halatta sharaɗin cin moriyar jingina in bashin na ciniki ne kuma an yanke lokaci, amma in na rance ne sun hana.

Sai dai akwai wani juyi. A ƙasar Hausa mai rauni shi ne mai gona, shi ne yunwa ko biki ko jinya ta sa ya jinginar, ya kuma yi shekaru yana kallon wani na girbe gonar ubansa. A Koriya mai rauni shi ne mai ba da kuɗin. Saurayi ne ko sabon ango wanda ya tattara duk abin da ya tara, ya ƙara da rancen banki, ya damƙa wa mai gida. Watau talaka ne ke ranta wa mai dukiya, ba tare da ya san mutum nawa ke bin wannan mai dukiya ba. Da farashi ke hawa, wasu suka mai da abin sana'a: su sayi gida da kuɗin mazauni, su cika ɗan abin da ya rage, su sayi na gaba da kuɗin wani mazaunin, in wa'adin na fari ya cika su biya shi da kuɗin mai shigowa. Muddin mai shigowa yana kawo fiye da na mai fita, asiri a rufe ya ke. Da ruwa ya hau a 2022 farashi ya sauka, mai shigowa ya kawo abin da bai kai ba, sai zanen aro ya kasa rufe katara. A ƙarshen shekarar aka ji labarin wani da ya mutu yana riƙe da gida fiye da 1,000 ta wannan hanya, ga haraji a kansa, ga ɗaruruwan mazauna ba mai biyansu. A birnin Incheon wasu samari da kuɗinsu ya salwanta suka kashe kansu a 2023, Allah Ya kiyashe mu da mugun ƙarshe. A shekarar ne majalisa ta yi doka ta musamman don agaza wa waɗanda aka cuta. Mutanen nan ba caca suka shiga ba, wurin kwana suka nema.

A ƙasar Sin kuwa cutar ta ɓullo ta wata kafa. Tun 1998 gwamnati ta bar raba wa ma'aikata gidaje, ta ce kowa ya saya. Aka saba sayen gida tun yana zane a takarda: mutum ya biya kafin alƙalami, ya ci bashin banki, ya soma biya, alhali ko tubali ba a aza ba. Malamai sun san cinikin abin da ba a ƙera ba tukuna, sun kuma tsananta wajen siffanta shi da yanke lokacin miƙa shi. Amma kamfanonin gini na Sin suka riƙa ɗaukar kuɗin wannan gini su sayi filin wani, hukumomin larduna kuwa suna murna, gama sayar da fili babbar hanyar samun kuɗinsu ce. A watan Agusta na 2020 gwamnati ta shata wa kamfanonin iyaka uku na cin bashi. Evergrande, wanda a ke bi fiye da dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, kotun Hong Kong kuma ta ba da umurnin a karkasa dukiyarsa a watan Janairu na 2024. A tsakiyar 2022 masu saye a ɗaruruwan gine-ginen da aka yi watsi da su suka yi shelar ba za su ƙara biyan banki ba sai an gama musu gidajensu. A ƙasar da ba a saba ɗaga murya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me gwamnatoci suka koya? Mafi yawa sun koma ga sa wa rance linzami. New Zealand ta taƙaita ba da bashi ga mai ƙaramin kafin alƙalami tun 2013. Ingila a 2014 ta iyakance yawan rancen da ya kai ninki huɗu da rabi na samun mutum a shekara. Kanada ta ce a gwada mai nema da ruwan da ya fi na takardarsa da kashi 2, a ga ko zai jure. Waɗannan sun rage rushewar bankuna, shi ya sa hawan ruwan 2022 bai zama irin na 2008 ba. Amma ba su sa gida ya yi araha ba. Iyakarta sun raba matasa gida biyu, wanda ubansa zai ba shi kafin alƙalami da wanda zai tsufa a haya. Sauƙaƙa rance ma ba magani ba ne, gama in gidaje ba su ƙaru ba, kuɗin da aka sauƙaƙa kan farashi ya ke hawa. Singafo ce ta kama abin ta tushe: tun 1960 hukumarta ke gina gidaje da kanta, tun 1968 ta yarda ma'aikaci ya biya daga asusun ajiyarsa na tilas, har kusan mutum 8 cikin 10 suka zauna a gidajen hukumar. Jamus kuwa ta ƙarfafa haƙƙin ɗan haya, har wajen rabin mutanenta suna zaman haya ba tare da jin kunya ba.

Musulmin da ke zaune a ƙasashen Turawa sun shiga tsaka mai wuya. A 1999 majalisar fatawa ta Turai ta yi rangwame ga wanda ba shi da gida, ba shi kuma da wata hanya, ya saya da bashin banki saboda bukata. Malamai da yawa ba su yarda da wannan fatawa ba, gardamar kuwa ba ta mutu ba. Wasu suka nemi mafita ta ciniki. Akwai murabaha, banki ya sayi gida ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi, kuɗin ba ya ƙaruwa. Akwai tarayya mai raguwa, ku mallaki gidan tare da banki, kana biyan hayar rabonsa, kana kuma sayen rabon sannu-sannu har ya zama naka. Ingila ta share wa wannan hanya a 2003 da ta soke biyan harajin sayen gida sau biyu, a 2004 kuma aka ba bankin Musulunci na farko izini a can.

Amma kada suna ya ruɗi kowa. A Dubai manyan kamfanoni biyu masu ba da kuɗin gida bisa tsarin Musulunci, Amlak da Tamweel, sun tsaya cik a ƙarshen 2008, farashin gidaje kuwa ya zube da wajen rabi. Sunan Larabci bai hana su zuba kuɗi cikin kasuwar da ta kumbura ba. Kuma sau da yawa hayar da a ke yanka wa abokin tarayya da ma'aunin ruwan Babban Banki a ke auna ta, in ya hau ta hau. Wurin da a ke gane tarayyar gaskiya ɗaya ne, ranar asara. In gidan ya ƙone, ko aka sayar da shi ƙasa da yadda aka saya, banki zai ɗauki hasara gwargwadon rabonsa, ko kuwa an rubuta cewa uwar kuɗinsa a wuyan abokin ta ke? In na biyun ne, to rance ne aka naɗa wa rawani. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, da ta halatta wannan tarayya a 2004, ta shar'anta kada a yi alkawarin sayen rabo a kan farashin ranar farko, kuma asara ta bi gwargwadon rabo.

A Nijeriya matsalar kishiyar ta Turai ce. Duk bashin gida na ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ta ke samarwa a shekara ba. Tun 1992 akwai dokar asusun gidaje, wadda ta sa a riƙa cire kashi 2.5 daga albashin ma'aikaci, a ranta masa a kan kashi 6 ta hannun bankin jinginar gidaje na tarayya. Amma masu zubawa sun fi masu samu yawa nesa ba kusa ba. Bankunan kasuwa kuwa ba mai hankalin da zai je musu, gama a ƙarshen 2024 ruwan Babban Banki kansa ya kai 27.5, tsadar kaya ta wuce kashi 34. Wa zai ranta naira shekara 20 alhali bai san abin da za ta saya baɗi ba? Ga kuma dokar ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen birni a hannun gwamna, ba a jinginar da mai takardar mallaka sai da yardarsa, yardar kuwa ta kan ci watanni da kuɗi. Gidajen cikin birnin Kano da Zariya da Katsina galibinsu na gado ne, magada da yawa, shaidarsu mai unguwa da maƙwabta, banki kuwa ba ya karɓar wannan shaida.

Saboda haka talaka ya tsira daga gwanjon banki, amma bai tsira daga bashi ba, sai dai nasa ba ya shiga lissafin kowa. Yana wajen mai siminti da mai kwano da uwar adashi, yana wajen surukin da ya ranta masa kuɗin hayar shekara guda da mai gida ya ce sai an biya dunƙule. Gini ya kan tsaya a linta shekara biyar, damina na cin bulo. Bankin Jaiz ya buɗe a 2012 a Abuja da Kaduna da Kano, wasu irinsa sun biyo baya, suna kuwa da hanyoyin sayen gida ta murabaha da ijara. Sai dai su ma takardar mallaka su ke nema da albashi tabbatacce, kuma kuɗin da ke hannunsu ajiyar mutane ce da za a iya nema gobe, ba mai jure shekara 20 ba. Wanda ya kai ga ƙofarsu, kafin ya sa hannu ya nemi a karanta masa wurare uku a takardar da harshen da ya ke ji: wa ke da gidan a tsawon shekarun biya, me za a ƙara masa in ya yi jinkirin wata uku kuma ina ƙarin zai tafi, sa'an nan in ya rasu kafin ya gama, me za a nema wajen matarsa da marayunsa.